Murya Kafin Hoto: Matsayin Naɗaɗɗiyar Maƙala a Tarukan Ilimi na Intanet

Tun daga shekarar 2020, wata sabuwar buƙata ta shigo cikin takardun gayyatar da ake aika wa malaman jami'a da ɗaliban manyan digiri. Bayan an karɓi tsakuren maƙala, sai masu shirya taro su nemi a naɗi jawabin a faifan bidiyo na minti 5 ko 10 ko 15, a aiko da shi makonni kafin ranar buɗe taro. Manazarta da yawa suna kallon wannan buƙata a matsayin ƴar dabarar fita kunya, irin ta da babu gara ba daɗi. Saboda haka sukan jinkirta aikin har daren ƙarshe, sannan su buɗe kwamfuta su karanto takardarsu cikin gaggawa, fanka na kaɗawa a bisa, janareton maƙwabci na ruri a waje, su aika, su manta da zancen.

Wannan sakaci ne mai tsada, kuma hasararsa ta fi faɗa wa mai nazarin Hausa. Naɗaɗɗiyar maƙala nau'in aikin ilimi ce mai zaman kanta, wadda ta fi kusa da wallafa fiye da lacca, domin tana nan bayan an tashi daga taro. Ga manazarcin da ke Damagaram ko Marwa ko Kumasi, ita ce hanyar da ta fi yi masa adalci. Ga harshen da ma'anarsa ke rataye da karin sauti da tsawon wasali kuwa, ita ce ke ɗaukar abin da takarda ke zubarwa. Sharaɗi ɗaya ne: a san cewa murya ce jigon aikin, hoto mai rakiya ne.

Yadda aka zo nan

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. Cikin ƴan makonni aka rufe iyakoki, aka dakatar da jiragen sama, tarukan ilimi suka koma intanet. Kamfanin Zoom ya bayyana cewa masu shiga tarukansa a kowace rana sun tashi daga kimanin miliyan 10 a watan Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu 2020.

Akwai taro ɗaya da labarinsa ya shafi Afirka kai tsaye. An tsara gudanar da taron ICLR, ɗaya daga cikin manyan tarukan duniya kan ƙirƙirarriyar basira, a birnin Adis Ababa a ƙarshen Afrilu 2020. Daga cikin dalilan zaɓen Habasha akwai yadda aka hana manazartan Afirka da dama bizar shiga Kanada domin halartar taron NeurIPS da aka yi a Montreal a 2018, lamarin da ya sake faruwa a Vancouver a 2019. Annoba ta hana zuwa Adis Ababa, sai masu shirya taron suka nemi kowane marubuci ya naɗi ɗan gajeren bidiyo, yawanci na minti 5, yana bayanin maƙalarsa, aka kuma ware lokutan tambaya da amsa daban. A cikin wannan taro ne aka yi zaman AfricaNLP, wanda ya keɓanta da sarrafa harsunan Afirka da kwamfuta. A shekarar da ta biyo baya, babban taron masana harsunan Afirka na duniya, WOCAL karo na 10, wanda Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ta ɗauki nauyinsa, shi ma ta intanet aka yi shi a watan Yuni 2021.

Annoba ta wuce, an koma zauruka. Amma matsalar da ta sa aka zaɓi Adis Ababa tun farko tana nan daram: biza da kuɗin jirgi da kuɗin masauki har yanzu su ne ke tantance wanda za a ji muryarsa a taron duniya.

Wanda hanya ta fi yi wa nisa

Ana iya cewa ai jawabi kai tsaye ta intanet ya wadatar, ba sai an naɗa ba. Mai wannan magana bai lura da bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu ba. Jawabin kai tsaye yana buƙatar wuta da sigina su tsaya cik a cikin minti 20 ɗin da wani ya zaɓa a wata nahiya. Naɗaɗɗen jawabi kuwa yana buƙatar su samu ne sau ɗaya kacal, a kowane lokaci cikin makonnin da aka bayar. Idan aikawa ta katse, a sake gobe.

Tarihin ƴan shekarun nan ya nuna cewa wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi tsoka na wutar ƙasar, ba a mayar da ita ba sai a watan Maris 2024. A ranar 14 ga wannan wata na Maris, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni ƙwarai a Gana da Benin da Nijeriya da maƙwabtansu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A Kamaru an yanke intanet a yankunan masu magana da Ingilishi sama da wata 3 a 2017. A Cadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Malamin da ranar jawabinsa ta faɗo cikin irin waɗannan kwanaki ya yi hasarar aikin shekara, ba da laifinsa ba.

Ga kuma batun agogo. Zaman da aka sa ƙarfe 3 na yamma a gaɓar yammacin Amurka a watan Yuli, ƙarfe 11 na dare ne a Yamai da Garwa da Kano, ƙarfe 12 kuma a Khartum. Mutumin da ya yini a aji, ko uwar da ta gama hidimar gida, ba za su yi jawabi a wannan lokaci da kuzarin wanda ya tashi daga cin abincin rana ba. Faifan da aka naɗa da sanyin safiya yana kawar da wannan rashin daidaito, domin kowa ya gabatar da aikinsa ne a lokacin da hankalinsa ke kwance.

Abin da takarda ba ta ɗauka

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Mai harshe yana cike giɓin ne daga muhallin magana. Kalmar kuka idan gaɓoɓinta biyu suka ɗauki karin sama, zubar da hawaye ake nufi. Idan ta biyu ta sauka ƙasa, itaciya ce. Gari na mutane da gari na tuwo karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Fara tana iya zama launi, ko ƙwaro, ko soma aiki. Abin bai tsaya ga ɗaiɗaikun kalmomi ba, ya shiga nahawu. A ya tafi, idan wasalin ya dogo ne mai karin sama, tafiya ta auku. Idan gajere ne mai karin sama, shi ne wanda ake samu a jimla irin ta wanda ya tafi. Idan gajere ne mai karin ƙasa, umarni ne ko fata, kamar a gara ya tafi. Haka nan ra-gare da ra-kaɗe, sauti biyu ne da harafi ɗaya ke wakilta.

Masana sun daɗe suna fama da wannan gurbi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da littafin nahawun Paul Newman na 2000, kowannensu yana da dabararsa ta nuna kari da tsawo a rubuce. Alamomin suna da amfani, sai dai kwatance ne kawai na abin da kunne ke ji. Mai nazarin karin harshen Tawa ko Dogonduci ko Agadas, ko Hausar zangunan Gana, yana iya cika shafi 3 yana bayanin yadda ake furta wata kalma, alhali sakan 4 na muryar mai harshen sun isa.

A nan ne naɗi ya yi wa jawabin kai tsaye fintinkau. Manhajojin taro suna matse sauti domin ya ratsa ƙaramin sigina, suna tace abin da suka ɗauka hayaniya ce, idan kuma sigina ya yi rauni sai gutsattsarin magana su ɓace. Bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, yana aukuwa ne cikin ɗan ƙanƙanen ɓangare na sakan. Idan wannan ɓangare ya faɗi a hanya, tunzurau ya koma tsayau a kunnen mai sauraro, hujjar maƙalar ta tafi tare da shi. A naɗaɗɗen faifai kuwa, ana iya saka misalin da aka ɗauko daga fage da ingancinsa na asali, a maimaita shi sau biyu, a nuna zanen hawa da saukar murya da manhajar Praat ta fitar a gefensa. Mai kallo yana da ikon tsayarwa ya koma baya sau nawa ya ga dama, abin da ba ya yiwuwa ko a cikin zauren taro.

Ji ya riga gani

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ke gaba. A 2018 Eryn Newman da Norbert Schwarz suka wallafa wani bincike a mujallar Science Communication. Sun kunna wa mutane jawaban tarukan kimiyya da hirarrakin rediyo, wasu da sauti mai kyau, wasu da sautin da aka gurɓata da gangan, alhali maganar ɗaya ce. Waɗanda suka ji gurɓataccen sauti sun ɗauki jawabin bai kai ba, mai jawabin bai cika basira ba, binciken ma ba shi da muhimmanci sosai. Ke nan mummunan sauti yana rage wa mutum daraja a idon masu sauraro ba tare da sun san dalili ba. Manazarcin da tun farko ake yi wa kallon ya fito daga gefen duniya bai kamata ya ƙara wa kansa wannan nauyi ba.

Abin farin ciki shi ne, gyaran sauti ya fi dogara da lura fiye da kuɗi. Dokar farko ita ce kusanci. A fili, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Don haka ɗan makirufon da ke jikin wayar kunne ta salula, idan yana tazarar taƙi ɗaya daga baki, ya fi na jikin kwamfutar da ke can ƙarshen tebur. A ɗan karkatar da shi gefe domin iskar furucin f da b kada ta buge shi.

Doka ta biyu ita ce ɗaki. Babban ofis mai daɓen tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da amo, magana ta riƙa cin karo da kanta. Ƙaramin ɗaki mai tabarma ko darduma, da labule, da katifa, da kantar littattafai, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ginin ƙasa ma yana da wannan alfarma. Doka ta uku ita ce lokaci. Bayan asuba, kafin ƴan kabu-kabu su fito da injin niƙa ya tashi, gari yana da shirun da ba a samu da rana. Da damina a guji rufin kwano idan hadari ya haɗo. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, kashe fanka na minti 15 azaba ce, saboda haka a naɗa gunduwa-gunduwa, minti 2 ko 3 a kowane zama, a haɗa daga baya. Kafin a fara, a naɗi sakan 30 na gwaji a saurara da wayar kunne, domin akwai ƙarar da kunne ya saba da ita har ya daina ji, amma makirufo ba ya sabo.

Hoto ba ya neman wahala mai yawa. A fuskanci taga, kada a ba ta baya. A ɗaga kyamara daidai da ido, ko da kan tarin littattafai ne, a goge ƙurar hunturu daga gilashinta. Neman hoto mai tsananin kyau ma yana iya zama cikas. Bidiyon minti 15 da aka naɗa da nauyin megabit 8 a kowane sakan yana kaiwa megabayit 900. Idan aka rage shi zuwa megabit 1, wanda ya ishi allunan rubutu da ƴar fuska a kusurwa, bai wuce megabayit 113 ba. Sautin minti 15 mai inganci, a kilobit 128, kimanin megabayit 14 ne kacal. Lissafin ya nuna inda ya kamata a yi tsimi: a matse hoto, a bar murya ta wala. Manhajoji irin su OBS Studio da Audacity da HandBrake kyauta ne, suna kuma aiki ba tare da intanet ba.

Rubutu domin kunne

Babban kuskuren da ake yi bayan na sauti shi ne karanto maƙalar yadda aka rubuta ta domin mujalla. Jimlar da ido ke iya bi saboda yana da damar komawa farkonta, kunne ba ya iya riƙe ta. A zauren taro, fuskokin jama'a suna gaya wa mai jawabi inda ya ɓatar da su, sai ya tsaya ya sake bayani. Gaban kyamara babu wannan taimako, dole a hango wuraren tuntuɓe tun a kan takarda.

A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa biyu suka nazarci kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a darussa huɗu na dandalin edX. Sun gano cewa tsawon bidiyo ne ya fi komai tasiri, kuma matsakaicin lokacin da ɗalibai ke tsayawa suna kallo bai cika wuce minti 6 ba, komai tsawon faifan. Sun kuma ga cewa malamin da ke magana da kuzari kamar yana hira da mutum ɗaya ya fi riƙe masu kallo a kan laccar aji da aka ɗauka aka ɗora. Ɗalibai aka nazarta, ba mahalarta taro ba, amma darasin ya shafi kowa. Tsarin da aka saba da shi, na farawa da ma'anar harshe, da asalin Hausawa, da bitar ayyukan magabata, sannan a zo ga sakamako a minti na 12, yana nufin mafi yawan masu kallo ba za su taɓa jin sakamakon ba. A naɗaɗɗiyar maƙala, minti na farko ya kamata ya ƙunshi tambayar da aka bincika da amsar da aka samu. Sauran lokacin na hujja ne. Gaisuwa da godiya suna da muhallinsu a al'ada, ba a ce a yar da su ba, amma jimla biyu sun isa.

Haka kuma allunan nuni. Richard Mayer, a littafinsa na 2001 kan koyo ta haɗakar sauti da hoto, ya nuna cewa cika allo da rubutun da baki ke karantawa yana raba hankalin mai koyo, ido na gaba kunne na baya. Allon mai nazarin harshe na misali ne: jimla ɗaya, da rabe-raben ƙwayoyin ma'anarta, da fassararta, da manyan haruffan da za a iya karantawa a fuskar salula, domin da yawa a salula za su kalla. A tabbata baƙaƙe masu lanƙwasa sun fito daidai. Idan manhaja ta haɗiye su, ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare, baƙi ya koma baki, a gaban masanan da suka zo jin bayani kan ƙa'idojin rubutu. Tsarin haruffa na Charis SIL yana ɗauke da su duka tare da alamomin kari.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Naɗi ne kaɗai wurin da wannan karin magana ke sassauci, tunda ana iya gogewa a sake. Amma sassaucin yana da tarkonsa. Wanda ya sake ɗauka sau 20 yana neman jawabi marar aibi, a ƙarshe muryarsa takan mutu, ta koma kamar ta mai karanta sanarwa. Ɗan tuntuɓen harshe ba ya ɓata maƙala. Kuskuren misali ko na adadi shi ne ya wajaba a sake.

Gadar da ke tsakanin masu Faransanci da masu Ingilishi

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Iyakar mulkin mallaka ta raba masu nazarin Hausa gida biyu. Na Kano da Sakkwato da Zariya da Legon suna rubutu da Hausa ko Ingilishi. Na Yamai da Maraɗi da Ngaundere suna rubutu galibi da Faransanci. Na Sudan kuwa Larabci ne harshen karatunsu. Sau da yawa wani bai san aikin wani ba, alhali harshen da suke nazari shi ne ya haɗa su. Tun taron Bamako na 1966, inda aka zauna kan daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, ake neman hanyar cike wannan rami.

Naɗaɗɗen faifai yana ba da damar da jawabin kai tsaye ba ya bayarwa sai da tafinta: a yi jawabin da Hausa, a saka fassarar Faransanci da ta Ingilishi a ƙasan allo, mai kallo ya zaɓi wadda yake so. Tunda an riga an rubuta jawabin kafin naɗi, rabin aikin fassarar ya kammala. Kada dai a bar wa na'ura aikin ba tare da dubawa ba, musamman a misalan karin harshe. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda ba ya mayar da harshe na ilimi, sai an ji masana suna tattauna ginin jimla da tarihi da aikin gona da shi, da kalmomin fannu da suka zauna a baki. Kowane faifai da aka naɗa da Hausa mai kyau tubali ne a wannan gini.

Hujjojin masu suka

Masu adawa da wannan tsari suna da maganganu masu nauyi. Ta farko ita ce zumunta a ƙafa take. Amfanin taro bai tsaya ga jawabai ba. A bakin zaure da wurin shan shayi ne ɗalibi ke haɗuwa da wanda zai duba kundinsa, a nan ake ƙulla aikin haɗin gwiwa. Wannan gaskiya ce, faifai ba ya maye gurbinta. Sai dai kwatancen da ya dace ba tsakanin faifai da zuwa taro yake ba, domin mafi yawan waɗanda ake magana a kansu ba za su samu zuwa ba ko ta yaya. Zaɓinsu na haƙiƙa shi ne faifai ko shiru.

Ta biyu ita ce, faifan da aka jibge a shafin taro ba mai kallonsa. Wannan ma yana faruwa, amma laifin tsari ne. Idan aka saka faifan cikin jadawali, aka kunna shi a zaure a lokacinsa, shugaban zama ya kalle shi tun kafin ranar ya shirya tambaya, sannan aka kira marubucin ta murya zalla, wadda ba ta cin sigina kamar hoto, to maƙalar ta samu haƙƙinta. Idan sigina ya ƙi, a bar ƙofar tambaya a rubuce a buɗe na wasu kwanaki.

Ta uku ita ce mafi hatsari. Ana tsoron kada bidiyo ya zama uzurin da za a daina neman wa ƴan Afirka biza da tallafin tafiya, a wayi gari masu hali suna zaure suna musabaha, marasa hali suna kan allo. Wannan tsoro yana da tushe, kuma maganinsa shi ne a riƙe buƙatun biyu tare. Ƙungiyoyin ilimi su ci gaba da matsa lamba kan biza da kawo taruka cikin nahiyar, su kuma tabbatar maƙalar da aka gabatar ta faifai tana shiga kundin taro da daraja ɗaya da sauran. Hukumomin jami'o'i su ma su lissafa ta wajen ƙarin girma ba tare da ragi ba.

Amana da ajiya

Dawwamar faifai tana jawo wani nauyi. Tsohuwar da ta ba da tatsuniya a ƙauye, ko maharbin da ya yi kirari, ko ɗan kasuwar da aka naɗi cinikinsa, wataƙila sun yarda ne a kan cewa malami zai saurara a ɗakinsa. Kunna muryarsu ga mutum 30 a zaure daban yake da ɗora ta inda kowa zai iya saukewa ya yaɗa ta WhatsApp. Wajibi ne a nemi izini na musamman, a bayyana musu da harshen da suke ji inda muryar za ta je, a sakaya sunan wanda ya nemi haka, a cire abin da zai iya jawo wa wani fitina.

Idan an cika wannan amana, sai a kula da ajiya. Shafukan taruka sukan mutu bayan ƴan shekaru. Ma'ajiyar Zenodo, wadda cibiyar CERN ke gudanarwa tun 2013, tana karɓar faifai kyauta, ta ba shi lambar DOI da za a iya ambata a rubutu. Wannan ma kariya ce ga mai tsoron a sace masa tunani, tunda ranar ajiya da sunansa suna nan a rubuce. A Yamai, cibiyar da aka kafa a 1968 domin tattara al'adun baka, wadda daga baya ta zama CELHTO, da kuma cibiyar IRSH, suna riƙe da faya-fayan da masu bincike suka naɗa da na'urori masu nauyi shekaru da dama da suka wuce. Waɗanda suka kula da ingancin sauti suka kuma rubuta wane ne ya yi magana, a ina, yaushe, su ne ake cin moriyar aikinsu a yau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sassan nazarin harsuna a Jami'ar Abdu Mumuni da takwarorinta na Damagaram da Marwa suna iya ware ƙaramin ɗaki ɗaya mai labule da darduma, da makirufo ɗaya mai kyau da fitila mai batir, kowa ya riƙa amfani da su bi da bi. Suna kuma iya neman kowane ɗalibin digiri na biyu ya naɗi bayanin kundinsa na minti 5 da Hausa, da fassara a ƙasan allo, kafin ranar kare shi. Ɗalibin zai koyi faɗin sakamakonsa a taƙaice, sashen zai tara taskar muryoyi, kuma ranar da takardar gayyata ta zo daga Leiden ko Adis Ababa, ba za ta tarar da shi yana koyon aikin a daren ƙarshe ba.